Shafi na Goma Sha Biyu

Ba zan taɓa mantawa da kunyar da na sha a hannun Malama Rohani ba. Ita ta koya mana dabarun koyarwa a wata kwaleji a Landan, farkon shekarun casa'in. 'Yar Malesiya ce mai sanyin murya. Ta daɗe tana koyar da 'ya'yan manoman shinkafa a ƙauyensu, tana rubuta labarai bayan sallar asuba, har aka fassara littafinta ɗaya zuwa Turanci.

Na nemi aiki a wata firamare a Tottenham, suka ce in kawo wasiƙar shaida daga malamata kafin ƙarshen wata, in ba haka ba su ba wani. Na roƙe ta. Bayan kwana biyu ta miƙo mini littafin nan, ta ce, "Ki karanta, 'yata." Wasiƙa kuwa ko zancenta ba ta yi ba.

Littafin bai yi sa'a ba. Tagar ɗakina ba ta tsayawa a buɗe sai an tokare ta, shi kuma kaurinsa ya zo daidai (kada ku harare ni, zafi ake yi).

Kunya ta hana ni tuna mata kai tsaye, sai na ɓullo da irin tamu, wato gaisuwa. Sau uku ina zuwa ofishinta, in tambayi gajiya, in tambayi mutanen gida har na Malesiya, sannan in zauna ina murza bakin mayafi. Ta ce, "Ya littafin?" In ce, "Ai Malama, kullum yana gaban idona." (Wannan dai ba ƙarya ba ce.)

Ranar Sallah mutanensu kan buɗe gida ga kowa, ta gayyace mu. Saura kwana biyu wa'adi ya cika, hankalina a tashe. Na cika ciki da shinkafa da nama mai kwakwa, na gyara murya a gaban baƙi, na yabi littafin sosai, har na ce babin ƙarshe ya sa ni kuka. Sannan na lallaɓa: "Malama, batun wasiƙar nan..."

Ta ajiye kofin shayinta. "Tana shafi na goma sha biyu, 'yata. Yau mako uku."

Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Sai wata tsohuwar ɗalibarta 'yar Ghana ta fashe da dariya, ta ce da irin Hausarsu: "Sister, kar ka damu, ni two months na yi!" Ashe haka take yi wa kowa.

Da na koma ɗakina, na tarar ruwan sama ya jiƙa littafin a taga. Da dutsen guga na busar da wasiƙar, kuma na samu aikin. Daga baya na karanta shi tas: babin ƙarshe biki ne, ban dariya daga farko har ƙarshe. Tun daga nan, duk wanda ya ba ni littafi, kafin in buɗe baki in yaba sai na kama bangonsa na karkaɗe shi tukuna.