Yadda Za Ka Sallami Ma'aikacin da Ya San Ka Tun Kana Rarrafe

Idan kana da shago, kana da ma'aikaci, kuma kasuwa ta kwanta a yankinku irin kwanciyar da ta yi a namu, to gyara zama, darasin nan naka ne. Na yi maka alkawari: bi matakan nan bakwai, kafin wata uku mutum ɗaya zai bar shagonka. Ba faɗa, ba kuka, ba wanda zai kai ƙararka wajen mahaifiyarka.

Ban ƙirƙiri komai ba. Duk na tsinto ne a wajen wani abokina mai shagon rubuta allunan shaguna, wanda kowa ke kira Ƙarami duk da furfura ta fara leƙowa a gemunsa. Mahaifinsa marigayi shi ne Maigida, shi ya sa shi ya zama Ƙarami, kuma da alama haka zai mutu. Ya gaji shago, ya gaji gwangwanayen fenti da tsani mai ƙafa ɗaya gajera, ya kuma gaji Baba. Baba ya shekara talatin da biyar yana riƙe da burushi a shagon nan. Shi ya kama hannun Ƙarami ya rubuta harafinsa na farko. Yanzu shagon da ke ciyar da gida biyu ya koma da ƙyar yake ciyar da ɗaya. Dole wani ya tafi, kuma Ƙarami ya san ko wane ne.

Mataki na ɗaya: Tabbatar kasuwar ta kwanta da gaske

Kada ka tambayi 'yan kasuwa. Ɗan kasuwa ko kwana uku ya yi bai ga mai saye ba, in ka ce masa "Yaya kasuwa?" cewa zai yi "Alhamdulillahi." Bara wasu masana sun zo layinsu Ƙarami da takardu, wai suna auna ƙwarin gwiwar 'yan kasuwa. Shago arba'in suka shiga, alhamdulillahi arba'in suka samu. Na tabbata har yau wani yana can a ofis mai sanyi yana mamakin yadda mutane masu irin wannan ƙwarin gwiwa suke rufe shaguna.

Tambayi mai rubuta allo. Shi ne ma'aunin gaskiya. Da, abin da ake kawo wa Ƙarami shi ne "Sabon Buɗewa" da "Reshe na Biyu". Tun da masaƙar bakin gari ta koma aikin kwana uku a mako, ma'aikatanta suka daina ɗinki, tela ya daina gyaran babur, mai gyaran babur ya koma aske kansa da kansa, sai aka koma kawo masa "Shagon Haya". Daga baya wannan ma aka daina, domin layin gaba ɗaya allo guda suke aro. Wanda ya rufe a wannan makon ya je ya ciro daga ƙofar wanda ya rufe a wancan.

In ka ga haka, ba sai ka jira rahoton masana ba.

Mataki na biyu: Nemi kalma mai laushi

Kada ka ce "kora". Kaji ake kora. Manyan kamfanoni suna cewa "gyaran fasali" ko "rage nauyi", kamar ma'aikacin wani ƙulli ne da aka manta a bayan mota. Kai ba ka bukatar wannan, domin harshenmu ya tanadar maka kalma mai daɗi: sallama.

Sai dai a kula, kalmar tana da ƙofa biyu. Ƙarami ya sa rigarsa mai kyau, ya tsaya a bayan Baba, ya yi gyaran murya.

"Baba, dama... sallama ce ta kawo ni."

Baba bai ko ɗaga kai daga allon da yake gogewa ba.

"Wa alaikumus salam. Mun gaisa ɗazu, amma ba a ƙin ƙarin lada. Miƙo min jan fentin nan."

Ƙarami ya miƙa. Haka aka tashi ranar.

Mataki na uku: Yi gwaji a gida

Maganar da ta yi nauyi a shago, a fara ɗaga ta a falo. Nemi wanda zai fito a matsayin ma'aikacin, ka yi ta sallamarsa har bakinka ya saba. Shawarata ɗaya ce: kada ka ɗauko wanda ya iya wasan da yawa.

Ƙarami matarsa ya ɗauko. Ta ari tabaransa ta saukar da shi kan karan hanci, ta naɗe hannun riga, ta ɗauki ludayi a matsayin burushi.

"Baba," in ji Ƙarami, "ka san halin da ake ciki..."

"Na sani, ɗan nan," ta ce da muryar tsoho. "Kai, kana tuna min da ranar da ka faɗa gwangwanin shuɗi kana shekara huɗu. Ni na ciro ka. Kwana uku kunnenka bai koma kalarsa ba. Me kake cewa?"

Minti goma bayan nan Ƙarami yana neman gafara, yana alkawarin sabon tsani. Matar ta cire tabarau ta dube shi.

"Ni da ba Baba ba ma har ka saya min tsani. In ka je gaban na gasken, ai sai ka bar masa gidan nan da mu a ciki."

A sani: gwaji ba ya ƙara wa mutum ƙarfin hali. Yana dai sa iyalinsa su san iyakar nasa.

Mataki na huɗu: Bar rediyo ta yi maka aikin

Me zai sa ka faɗi da bakinka abin da ake faɗa kyauta kowace sa'a? Ƙara muryar rediyo daidai lokacin labaran tattalin arziki. Duk inda aka ce "rage ma'aikata", ka yi ajiyar zuciya mai tsawo, ka dubi rufi. Mai hankali zai gane.

Baba mai hankali ne. Ya saurara har ƙarshe, ya girgiza kai.

"Zamani ke nan. Ka ji mai sayar da gilashin can ya sallami mutum biyu jiya? Ɗaya ma tun zamanin ubansa yake wurin."

Ƙarami ya kawar da kai. "To, Baba, wataƙila dole ce ta sa shi."

"Dole? Rashin tarbiyya dai. Allah ya jiƙan Maigida, shi kam ya bar ɗa. Rage muryar nan, tana sa hannuna rawa."

Mataki na biyar: Yabi hutu

Ka riƙa kambama zaman gida. Ka ce likitoci sun gano warin fenti ba ya yi wa dattawa kyau. Ka ambaci jikoki.

"Baba, ba ka marmarin zama da jikokinka ka huta?"

"Jikokin ai su ne gajiyar. Nan nake zuwa in huta. Ina ka taɓa ganin wuri shiru irin shagon nan a 'yan kwanakin nan?"

Wannan matakin gajere ne domin ba ya aiki. Na sa shi ne don lissafin ya kai bakwai.

Mataki na shida: Kada masu tambayar farashi su ruɗe ka

Daidai lokacin da ka ɗaure zuciya, sai mutane su fara shigowa. Ka yi hattara. Mai tambaya daban, mai saye daban.

A shagon Ƙarami haka aka yi. Yau wani ya zo zai buɗe wurin wanki, gobe wata za ta buɗe shagon takalma. Kowa ya tambayi allo babba nawa, ƙarami nawa, ja ya fi ko kore, in ruwa ya taɓa fa, in rana ta doka fa, sannan ya ce zai dawo. Ƙarami ya fara murmushi a hanyar gida. Ya ce wa matarsa kasuwa na motsi.

A mako na biyu ya lura duk masu buɗe sababbin shagunan nan kunnuwansu iri ɗaya ne, masu faɗi, masu ɗan lanƙwasa a sama. Ya juya ya dubi kunnen Baba. Washegari mai wurin wankin ya manta, yana fita ya ce, "To sai an jima, Kawu."

Baba ya duƙa yana neman wani abu a ƙarƙashin tebur. Ƙarami ya duƙa yana neman wani abu a cikin aljihu. Ba wanda ya samu abin da yake nema.

Ga abin da Ƙarami ya fahimta. Tsoho ya kwaso dangi yana yi masa hayar ƙwarin gwiwa, don kada a raba shi da burushinsa. Saboda haka da wata mata mai tabarau da jakar takardu ta shigo bayan kwana biyu, Ƙarami ya ƙudura ba zai kunyata Baba ba. Kunnenta yana cikin mayafi, amma ya san abin da zai gani.

"Hannuna na ciwo yau," in ji Baba. "Ƙarami, ji da baƙuwa."

Ta sa Ƙarami ya rubuta haruffa manya da ƙanana. Ta sa shi ya zana tsuntsu. Ta ce ya bayyana mata yadda ake haɗa kore, amma kamar yana magana da 'yar shekara goma. Ya ɗiga shuɗi, ya ɗiga rawaya, ya ba ta sanda ta juya da kanta, har ta yi dariya da launin ya fito. Ta tambaye shi ko ya yi karatu. Ya nuna mata takardar digirinsa ta zane, wadda ke rataye a bango tana rufe wata tsaga.

"Zan dawo," ta ce.

"Kowa ma haka yake cewa, Hajiya," in ji Ƙarami cikin ladabi.

Mataki na bakwai: Ja ƙofa, zauna, faɗi

Dabaru sun ƙare. Zaɓi safiya, kafin kunya ta karya kumallo. Ja ƙofar shago rabi. Zauna ƙasa da shi, ba sama ba. Kada ka kalli hoton mahaifinka.

Ƙarami ya yi duk wannan. Ya kafa ido a kan wani ɗigon fenti a ƙasa, ya ce, "Baba, shagon nan ba zai iya ɗaukar mu biyu ba."

"Alhamdulillahi!" in ji Baba, ya ajiye burushi. "Ashe ka gane. Wata biyu ina neman yadda zan gaya maka, nauyi ya hana ni."

Ya sa hannu a aljihu ya ciro ambulan, gefensa da tabon kore.

"Matar nan mai tabarau shugabar makarantar bayan asibiti ce. Ni na rubuta musu allon ƙofa. Malaminsu na zane ya yi ritaya. Ta ce ka yi mata. Litinin za ka fara."

Ƙarami ya karɓi ambulan ɗin. "Baba... shagona ne fa."

"Wa ya ce ba naka ba ne? Sunan ubanka ne a sama, da hannuna na rubuta. Amma duba: kai kana da takarda, ni burushi kaɗai na sani. In na fita, ina za ni? In ka fita, ga inda za ka. Ɗan abin da ke shigowa zai riƙe tsoho ɗaya. Zan tsare maka wurin har kasuwa ta farka. Na ga kwanciyarta sau uku, ba ta taɓa zarcewa ba. Ranar Asabar ka leƙo, in akwai aiki ka riƙe min tsani."

"To su mai wurin wanki fa? Da mai takalma?"

"'Ya'yan ƙannena ne. Ai ba zan kai wa baiwar Allah malami ban gwada shi ba. Na ce su yi ta yi maka tambayoyin banza in ga ko za ka fusata. Wanda ya jure wa yaran ƙanwata zai jure wa aji uku."

Baba ya miƙe, ya kaɗe gaban rigarsa, ya gyara tsayuwa irin ta Maigida marigayi. Ya faɗi maganar a numfashi ɗaya, abin da Ƙarami ya kasa a wata uku.

"Ƙarami, na sallame ka."

Ƙarami ya dubi ambulan, ya dubi hoton mahaifinsa. Abin da ya fito kawai shi ne:

"Wa alaikumus salam, Baba."

Wanke hannu

Na yi alkawarin mutum ɗaya zai bar shagon, kuma ya bari. Ban ce wane ba. Koma sama ka duba. Duk wanda ya bi matakan nan ya wayi gari da alli a hannu da yara arba'in suna tambayarsa me ya sa kore kore ne, shi ya jiyo, babu ruwana. Ba na karɓar ƙorafi, ba na zuwa sulhu, ba na riƙe tsani. Ni ma ina da nawa Baban a wurin aiki, kuma tun makon jiya yake tambayata, cikin fara'a, wai ina na ajiye takardar digirina.