Gidan da Na Zaɓa Saboda Ƙarafen Taga

Na amsa laifina: ni kaɗai na zaɓi ɗakina a Manchester, daga hotuna, tun ina Kano. Na raina gidajen unguwar Withington masu furanni da guntun shinge, wanda ko akuya sai ta tsallake. Na ɗauki mai ƙarafe a taga da waya a katanga, irin na manyan garinmu. Har mafarkinsa nake yi, ina shan shayi, ana yayyafi.

Da na iso, Anti Bilki, ƙanwar Baba, ta zo daga Birmingham ta raka ni gidan. Ta daɗe tana kallon ƙarafen.

"'Yar nan, a nan sai layin da ɓarayi suka addaba ake sa wannan."

Har yau in wani zai zo jami'a, sai ta nuna ni ta ce, "Ku tambayi Hajiya Tsaro. Duk gidan da ta zaɓa, ku ɗauki wani."