Kilt Ɗina da Dokar Ƙafa Biyu

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Kula da Ma'aikata da Kyawun Shiga,
Babban ofishin kamfaninmu na gyaran iyakwandishan,
Al Mirqab, Doha.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fatan sanyin ofishinka bai yi maka yawa ba, domin na ji an ce har rigar sanyi kake ratayewa a bayan kujera. Allah ya ƙara maka lafiya, ya tsare ka daga mura a wannan wata na Agusta.

Sunana Rufus Dauda Kazah, mutumin Kafanchan, ɗaya daga cikin masu hawa saman benaye suna gyara injinan da ke hura muku wannan sanyi. Ba ka san fuskata ba, amma ka san ƙwaurina, domin hotonsa ne aka manna a saman sanarwar da ofishinka ya fitar, an ja masa jan layi kamar wanda ake nema ruwa a jallo. Tunda ƙafata ta riga ni shiga ofishinka, na ga ya dace sauran jikina ya biyo baya da bayani.

Bara da zafi ya tsananta, ƙuraje suka feso min a cinyoyi, har na koma tafiya kamar wanda ya sauko daga kan raƙumi. Matata Phoebe nas ce. Ta duba, ta ba ni man shafawa, ta ce maganin gaskiya shi ne in bar wurin ya sha iska idan na tashi aiki. Na ce to, da me? Gajeren wando a wannan gari ba mutunci ba ne, kowa ya san ana son a rufe gwiwa. Na ari zanen ɗaurawa wurin wani abokin aikina mutumin Kerala ta ƙasar Indiya, amma ban iya ɗaurin ba. Ranar da na gwada shi, ya kwance min a layin biyan kuɗi na kanti, hannuna ɗaya riƙe da kankana, ɗayan riƙe da abin da ya rage na darajata.

Sai wani dattijon injiniya ɗan Sukotland da muka yi aiki tare ya tashi komawa gida. Ya ji labarina, ya yi dariya har da hawaye, ya ba ni kilt. Idan Mai Girma bai taɓa riƙe shi a hannu ba, wani tufafi ne na mazan ƙasarsu, ana naɗa shi a ƙugu a ɗaure da maɗauri, bayansa a tattare, gabansa a shimfiɗe. Nawa ba irin na ulu ba ne da suke sawa a biki. Na auduga ne mara nauyi, mai aljihu a kowane gefe. Phoebe ta sa tela ya ƙara masa tsawo har ya sauka ƙasan gwiwa. Na haɗa shi da riga mai gajeren hannu da silifa, na fita shan iska bakin ruwan Al Wakrah. Ranka ya daɗe, ban san haka Allah ya halicci iska da daɗi ba sai ranar. Kafin wata ya ƙare ƙurajen sun bushe.

Mutum na farko da ya yi min dariya shi ne Aruna, direban motar ma'aikata, mutumin zangon Kumasi. Duk safiya idan zan hau sai ya buɗe min ƙofa da ladabi ya ce, “Madam Rufus, a shigo a hankali, kada bujen ya kama ƙarfe.” Na haƙura. Wata Juma'a ya zo gidanmu cin tuwo, na ce ya gwada kawai. Ya ɗaura, ya tsaya a baranda iska ta kaɗa shi, sannan ya ce, “Massa, ashe duk shekarun nan dafa kaina nake yi.” Bai ba ni kilt ɗina ba sai da telansa ya gama kwaikwayonsa da yadin Gana. Daga nan wasu suka bi, Musulmi da Kirista, har da wani ɗan Nepal. A ranar hutu idan muka jeru a kasuwar Al Wakrah, masu yawon buɗe ido har hoto suke roƙo.

Sai ranar shaƙatawar kamfani a gonar Umm Salal, inda kai da kanka ka halarta. Ba zan ɓoye ba, iska ta taso daidai lokacin da Aruna ya ɗaga ƙafa zai buga ƙwallo, kilt ɗinsa ya tashi ya gaishe da jama'a. Amma me aka gani? Gajeren wando ja mai kauri, irin na 'yan dambe. Mata suka yi shewa, maza suka tafa, kai kuma aka ga ka ajiye kofin shayinka. Washegari sanarwa ta fito, aka kuma dakatar da Aruna daga tuƙi har sai kwamitin ladabtarwa ya zauna.

To ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na farko, sanarwar ta kira kayanmu “siket na mata”. Ina roƙon a gyara. Phoebe ta gwada shi sau ɗaya ta cire, ta ce ba macen da za ta yarda ta sa abin da sukundireba da filaya suke kwana a aljihunsa. Idan mata sun ce ba nasu ba ne, kai kuma ka ce ba namu ba ne, na wane ne ke nan?

Na biyu, an rubuta cewa kilt yana da haɗari a wurin aiki. Wannan gaskiya ce, kuma ba wanda ya taɓa hawa tsani da shi. Ina da tausayin wanda yake riƙe min tsanin daga ƙasa. A saman bene kayan aikin kamfani nake sawa, da takalmin ƙarfe da hular kwano. Abin da ban gane ba shi ne yadda haɗarin ya biyo mu har cikin motar komawa gida, da masaukin ma'aikata, da ɗakin cin abinci. Wace na'ura ce a ɗakin cin abinci za ta kama kilt? Cokali?

Na uku, kuma a nan ne na fi jinjina wa hikimar ofishinka. Don kada mu sami hanyar zamewa, an rubuta cewa an haramta wa kowane namiji shiga harabar kamfani da duk wani tufafin da ba shi da ƙafa biyu. Mun karanta cikin girmamawa. Abokanmu na Kerala suka naɗe zannuwansu suna kallonmu da harara, mutanen Yaman da ke sito suka yi haka. Ladanin masallacin masauki ya tambaye ni ko jallabiyarsa tana da ƙafa, na ce masa ni Kirista ne, ba zan iya ba da fatawa ba. Ranka ya daɗe, shin kafin a buga wannan doka an leƙa taga? A garin da manyansa suke tafiya cikin fararen riguna har idon sawu, iska tana shiga tana fita yadda take so, mu kaɗai ne aka ga ya dace mu rufe kowace ƙofa? Mutanen da suka zauna a wannan zafi tun kakanninsu, ka taɓa ganin sun zaɓi jins da rana tsaka?

Na huɗu, batun Abass mai gadin ƙofar babban ofis. Mutum ne da idan aka ba shi umarni ba ya ƙara masa gishiri, ba ya ragewa. Ka ce masa da bakinka duk wanda ya bari ya wuce ba ƙafa biyu, shi ma ya bi shi waje. Ranar Lahadi kafilinmu, wato dattijon da ke da kamfanin gaba ɗaya, ya zo ziyarar ba-zata cikin farar rigarsa mai ƙamshin turare. Abass ya dubi rigar daga sama har ƙasa, ya dubi sanarwar, ya sauke sandar ƙofa. Direbansa ya yi ta cewa yalla, yalla, a buɗe maza, Abass ya ce khalas, magana ta ƙare, doka ce, shi ma yana da iyali. Dattijon ya sauko ya karanta sanarwar da kansa a tsaye cikin rana, ya naɗe ta ya sa a aljihu, ya koma mota ya juya. Yanzu an cire Abass daga ƙofa, an ce shi ma zai gurfana gaban kwamiti. Da wane laifi za a tuhume shi? Rashin biyayya, ko yawanta?

Na biyar, a nan zan ajiye wasa. Aruna yana da mata, Zuwera, da 'ya mace da ke karatun ungozoma a Kumasi, kuma da wannan sitiyari yake riƙe su. Bai taɓa goga motar kamfani a jikin komai ba. Ka fi ni sanin cewa a wannan gari idan aiki ya tafi, izinin zama ma ya kama hanya. Tun da aka dakatar da shi ba ya iya cin abinci, kuma bai gaya wa Zuwera ba, domin ya ce bai san da wane baki zai ce mata an kore shi saboda buje ba. Ni na ba shi ya gwada. Idan lallai sai an hukunta wani, ga ni, hotona ma yana hannunku.

Abin da muke roƙo kaɗan ne. A mayar wa Aruna makullinsa. A mayar da Abass ƙofarsa, domin ba za ku sami mai gadi kamarsa ba ko kun zagaye Doha. A bar mu mu sa kilt idan mun tashi aiki, mu kuma mun yi alkawarin zai rufe gwiwa, za a sa wani abu a ƙarƙashinsa, kuma ba za a sake buga ƙwallo da shi a gaban shugabanni ba. Idan Mai Girma yana shakkar amfaninsa, ba na cewa ka sa a bainar jama'a. Ka kulle ofis, ka kashe iyakwandishan, ka gwada na ɗan lokaci tsakaninka da Mahaliccinka.

Saura tambaya ɗaya, wadda ma'aikata suka ɗora min in isar. An sanar da mu cewa kwamiti zai zauna ranar Alhamis a babban ofis, kuma kafilinmu ya ce shi da kansa zai shugabanci zaman. Dokar ƙafa biyu an sake manna ta, ba a janye ta ba, wanda aka sa a madadin Abass kuma ya rantse ba zai yi sassaucin da zai jawo masa kora ba. Ni da Aruna da Abass ba mu da damuwa, mun riga mun goge wandunanmu. Shi dattijon ne muke tunani. Wa zai je ya gaya masa abin da zai sa? Mun tattauna a tsakaninmu, muka ga wannan babbar daraja ce da ba ta dace da kowa ba sai wanda ya sa hannu a kan sanarwar.

Allah ya ja zamaninka, ya ba ka kalmomi masu taushi kafin Alhamis.

Naka mai biyayya daga hula har ƙwauri,

Rufus Dauda Kazah,
Sashen Gyara, masaukin Al Wakrah.