Sabuwar Ƙwaƙwalwar Motar Illo

"…ina gajiya kuma, angona? Ko kunnen ne bai tashi daga barci ba?"

"Ba ni amsa gaisuwar wadda na iske da kanta cikin motata. Fito in ga hannuwanki."

Hantsi ne a unguwar Dar es Salam, a ƙofar gidan Malam Illo. Shekara goma sha biyu ke nan yana ɗauko tumatir daga garake na bakin kogin Isa zuwa kasuwar Petit Marché da motarsa mai buɗaɗɗen baya. Kwanan nan motar ta ɗauki halin mutuwa a tsakiyar hanya. Jikarsa Farida, wadda ta gama koyon aikin wutar mota, ta ce ƙwaƙwalwar injin ce ta lalace, akwatin nan da makanikai ke kira kalkilatar. Ta samo wata okaziyo, wato ta hannu, a wurin masu sayar da kayan mota, ta ɗaura ta da sassafe. Wannan ne aikinta na farko da sunanta. Yakuba mai garajin bakin titi kuwa ya riga ya gaya wa unguwa cewa yarinya za ta ƙone motar tsoho.

Farida ta fito da kanta daga ƙarƙashin akwatin gaba, ta buɗe masa tafukanta.

"Ga su. Babu injinka a ciki."

"Aljihu fa?"

"Tayoyinka huɗu na ciki, sai ka ƙirga."

Illo ya leƙa, ya ƙura wa sabon akwatin ido.

"Wannan ai nawa ne. Omo kika sa kika wanke shi, kika maida."

"Da omo na gyaran ƙwaƙwalwa, da kai na fara jiƙawa, tsoho."

"Ki ji marar kunya! To, in ba nawa ba ne, ina nawa? Na yi mishi shaida."

"Na gani. Zane uku da ƙusa, kamar kumatun Bagobiri." Ta ɗauko tsohon akwatin daga kan kujera. "Ga ɗan'uwanka."

Ya karɓa, ya shafa zanen da babban yatsa, ya kara akwatin a kunne, ya girgiza.

"Ya yi sauƙi. Da ya fi haka nauyi. Mi kika cire?"

"Yaushe ka taɓa ɗaukar shi?"

"Ranar da na yi mishi zane."

"Hankalin da ke ciki ne ya tsiyaye. Shekara sha biyu yana jin surutunka, me zai rage?"

"Uhm. Kuma kin ce a ba ki shi ki yar. Na san irin yarwar. Gobe in gan shi a kasuwa an shafa mishi mai, ke kuma kin sayi sabon takalmi."

"Riƙe abinka. Ka yi matashin kai da shi, ku riƙa mantuwa tare."

Illo ya cusa akwatin a hammata, ya nuna sabon da haɓa.

"Shi wannan daga ina ya hito? Wa ya san motar da aka ciro shi? In ta ɓarawo ce fa? In kama hanyar kasuwa, ita ta kama hanyar Burkina."

"To ka huta da awon tumatir, ka ga duniya."

"In ta mai ɗaukar gawa ce, kullum ta kai ni maƙabarta?"

"Ai ka san hanya tun da wuri. Shekarunka sun kai."

"Ni zan binne ki, amarya, in auri wadda ta iya tuwo."

"Wa zai aure ka da haƙori uku? Ungo." Ta miƙa masa sabon makulli mai baƙin kai. "Da wannan za ka tada. Ka ji ko? Da wannan."

"Na ji. Ba kurma ba ne ni."

"Ƙarfe nawa matan kasuwa suka ba ka?"

"Goma. In ban iso ba, su ɗauki wata mota, su daɗe ba su neme ni ba. In kuwa ba ta tashi ba, igiya zan ɗaura mata har garajin Yakuba, ke a gaba kina ja."

Farida ta koma ɗaya gefen, ta sake tura kanta ƙarƙashin akwatin gaba don ta sa ido a kan wayoyi. Illo ya zauna a mazaunin direba. Ya juya sabon makullin a hannu, ya harare shi, ya zura shi aljihu. Ya zaro nasa na da, mai igiyar fata da ta yi baƙi don tsufa, ya ce bismillah, ya murɗa.

Injin ya yi gurnani, ya yi gurnani, bai kama ba.

"Sake."

Ya sake. Shiru.

"Allahu akbar! Jama'ar Dar es Salam, ku hito ku gani! Da tana mutuwa a hanya, yanzu likita ta zo, a gida take mutuwa!"

Farida ta ƙara tura kai ciki. Ta taɓa wayoyin ɗaya bayan ɗaya, ta zare fizibil, ɗan abin da ke ƙonewa in wuta ta yi yawa, ta ɗaga shi ga rana, ta mayar.  Can bakin titi, Yakuba ya fito ƙofar garajinsa, ya riƙe ƙugu yana hange.

"Amarya, kin yi shiru. Ko a kawo omon?"

"Dakata, Kaka."

Da ya ji ta ce Kaka, ba tsoho ba, sai shi ma ya rage murya.

"Kala suru, in ji Zabarmawa, wato sai haƙuri. Duba a hankali."

"Sake murɗawa in saurara."

Ta ɗago kai don ta ga fitilun gaban direba. Wata ƙaramar fitila ja tana ƙyaftawa. Ƙasa da ita kuma igiyar fata tana lilo.

Ta daɗe tana kallon igiyar.

"Tsoho."

"Na'am."

"Ina makullin da na ba ka?"

"Yana wuri mai kyau."

"Ina?"

"Aljihu. Ni ba ni sa makullin baƙo a motata. Wanda ya yanka miki shi, kin tsaya a kansa? Kin san ko biyu ya yanka? Ya aje ɗaya, ran Juma'a ina masallaci ya zo ya tahi da ita."

"Na tsaya a kansa har ya gama! Wayyo ni, na kusa kwance motar nan gaba ɗaya saboda kai!"

"Makulli ai makulli ne. Nawa ya shiga, ya juya."

"Ya shiga, amma ba ta san shi ba. Akwai ɗan abu a cikin baƙin kan nan, tare suka zo da ƙwaƙwalwar. In ba ta ji shi ba, ba ta sakin mai. Ko wa ya zo da wani makulli, ɓarawo take ɗaukar shi."

Illo ya dubi jar fitilar.

"Ni ta ɗauka ɓarawo?"

"Kai fa."

"A motata?"

"A ƙofar gidanka ma."

"Ba ta yarda da kowa ba ke nan? Ko an yanka goma?"

"Ko an yanka ɗari. Halinka ne sak. Na zaga kasuwa duka kafin in samo mai baƙin zato irin naka."

Tsohon ya zare makullinsa a hankali. Ya laluba aljihu, ya fito da sabon, ya sake harararsa, ya sa. Murɗawa ɗaya injin ya kama, ya zauna daram, babu tari babu rawa. Suka kasa kunne ga injin. Can bakin titi, Yakuba ya sauke hannu daga ƙugu, ya shige ciki.

Illo ya fashe da dariya har hularsa ta karkace.

"Walle wannan ƙwaƙwalwa ta yi! Wadda ta tuhumi Illo, wa zai cuce ta?"

"Sai ka ce na gode."

"Tukuna. Kar ki rufe. Miƙo mini ƙusa."

Ya sunkuya da ƙyar, ya ja wa sabon akwatin zane uku. Sannan ya kwance igiyar fatar daga tsohon makulli, ya ɗaura wa sabon da ke cikin mota, ya miƙa wa Farida tsohon.

"Ungo tukuicinki."

"Makullin da ba ya tada komai? Rowarka ta kai nan?"

"Daidai da sadakinki ne." Ya muskuta, ya ja jiki zuwa ɗaya kujerar, ya bar mata mazaunin da bai taɓa bar wa kowa ba. "Zagayo ki ja mu, tara ta wuce. Ki bi ta gaban garajin Yakuba, a hankali, ki danna mishi oda sau uku."

Farida ta zauna, ta gyara madubi.

"Ka yarda da ni ke nan, angona?"

"Wa ya ce? Na zauna kusa ne in ga hannuwanki."