Ranar da Na Koya wa Likita Allura

Ana saura kwanaki a fara huɗa, ɗaya daga cikin shanun nomana ya daina cin abinci. Aka ce likitan dabbobi yana zuwa Tsanyawa ranar kasuwa, sai na ja shi muka tafi.

A gindin darbejiyar da ake jiran likita na tarar da wani dattijon Bafulatani, da malafa da sanda. Ya taso ya buɗe bakin san, ya shafa cikinsa.

Na ce, "Baffa, ja da baya. Wannan ba aikin saiwa da jiƙo ba ne, aikin masu ilimi ne."

Ya ce, "To, Malam."

Ladabin nan nasa ne ya ƙara zuga ni. Na zaunar da shi na yi masa bayanin allura dalla-dalla, ina ɗaga murya don ya gane. Har na ba shi shawara ya riƙa kai shanunsa rigakafi. Dillalan wurin suka yi tsit, ni kuwa na ɗauka ilimina ne ya burge su.

Da na gama, sai dattijon ya buɗe jakar da ke bayan babur ɗinsa, ya zaro safar hannu da sirinji.

"Malam, riƙe mini igiyar. Ko kai za ka yi masa?"

San ya warke, mun yi huɗa a kan lokaci. Amma shekara uku ke nan, ko akuya ce ta yi tari a ƙauyenmu, sai matata ta leƙo ta ce, "Likita, ana sallama da kai."