Ranar da Na Gyara Karafan Ɗin Aro

Har muka isa bakin teku a Shu'aiba komai lafiya lau. Na aro karafan, motar nan mai ɗaki da firji a ciki, don in kai surukina shan iska. Wata shida ciwon sukari bai bar shi ya fita daga unguwarsu ta Kurayyat ba.

Bayan azahar fitilu suka dushe, firji ya yi shiru, alhali allurar tsohon tana ciki. Matata ta ce, "Don Allah ka kira mai motar."

Na ce, "Halas, bar zancen! Shekara goma ina gyaran waya a Sharafiyya, batir ne zai gagare ni?"

Na naɗe hannun riga, na yanke hukunci cewa muhawwil, na'urar da ke cajin batir, ita ce ta mutu. Na kwance wayoyin batir, na goge, na mayar, ina yi ina karantar da jama'a. Ashe ja na ɗaura a gurbin baƙa. Sai tas! Hayaƙi ya tashi da warin roba.

Da na kira mai motar, ya ce, "Makunnin bayan ƙofa ne yake faɗuwa. Ka ɗaga shi?" Ban ma san da shi ba.

Surukina ya naɗe dardumarsa, ya daɗe yana kallon ruwa, sannan ya ce, "Yalla, ɗana, mu koma kafin maganin ya lalace." Ko ƙafa bai tsoma ba. Abin har yau yana ci mini rai.

Yayyen matata kuwa, duk gidan da na yi sallama, sai wani ya zabura ya ce, "Ku ɓoye rimot, Muhandis, babban injiniya, ya iso!"