Sarauniyar da Na Gano a Wurno

Ba zan taɓa mantawa da wata ranar Alhamis a Wurno ba, ko da yake na yi shekaru ina roƙon Allah Ya mantar da mutanen garin ita. Lokacin Turawa ba su tafi ba tukuna, ni kuma ina saurayi, sabon malamin ɗakin karatu na En'e, na dawo daga kwas na 'yan makonni a Kaduna kaina ya kumbura kamar salka.

A kwas ɗin an koya mana abu mai kyau, kada in yi masa butulci. An nuna mana yadda ake raba littattafai fanni-fanni, a ba kowane lamba, a rubuta masa kati mai ɗauke da sunan mawallafi da abin da littafin ya ƙunsa, sannan a jera katunan cikin akwati bisa abacada. Duk wanda ya zo neman wani abu, kafin ya gama gyara zama an miƙo masa. Har gobe ina alfahari da wannan sana'a. Laifin ba na kwas ba ne, nawa ne. Na dawo da alƙalami uku a aljihun gaba (ɗaya ne kawai ke rubutu), ina ganin duk ƙasar Sakkwato babu wanda ya san littafi sai ni.

Ban daɗe da kama aiki ba sai Baturen makaranta, wanda mutane ke kira Mai Lofe, ya aiko cewa yana son a bi gidajen malamai a rubuta sunayen tsofaffin littattafan hannu da ke ajiye, don masu bincike su san abin da ke akwai da inda yake. Ya kuma ce wanda ya yi aiki mai kyau za a ƙara tura shi karatu. Wannan maganar ta ƙarshe ita ta shiga kunnena ta yi zaune.

Gidan farko da aka tura ni shi ne na Goggo Ige. Tsohuwa ce tukuf, ɗiyar wani alƙali da ya rasu tun ba a haife ni ba, kuma ita ke karantar da matan unguwa da hantsi. Littattafan mahaifinta suna cikin wani ɗan soro, a cikin gafakokin fata da aka rataye sama saboda gara. Sau biyu ana aiko mata tana ƙi. A na uku ta yarda, bisa sharaɗin ko falle ɗaya ba zai bar gidan ba. Ranar da na fara, ta zauna bakin ƙofa bisa buzu tana jan tasbaha, ta dube ni, ta dubi akwatin katina, ta ce in na ishe abin da ban gane ba in tambaye ta, don yawancin takardun a gabanta aka rubuta su. Na yi mata godiya cikin ladabi, na kuma bayyana mata cewa a ilimin zamani littafi shi ke faɗin kansa, ba a buƙatar mai gida. (Ku ji fa. Matar da ta sauke Alƙur'ani kafin a yi auren uwata.) Sai ta ci gaba da jan tasbaharta.

To, littafin hannu ba kamar na ɗab'i ba ne. Fallayensa a sake suke, ba ɗinki, ba lambar shafi. Abin da ke riƙe su shi ne kalma ɗaya da marubuci ke sawa a ƙasan kowane falle, wadda ita ce farkon falle na gaba. Wannan ban san shi ba a lokacin, na ɗauka ado ne. Ajamina kuma na ɗan makarantar Midil ne, yana tafiya yana ɗingishi. Manyan littattafan Larabci ba su ba ni wahala sosai ba, tunda sunayensu na rubuce a farko. Amma akwai wata gafaka cike da fallayen ajami barkatai, rubutun alƙalin da kansa. Waɗannan sai na baje su bisa tabarma na yi ta rabawa yadda aka koya mini: wannan na addu'a, wannan na magani, wannan na shari'a, wannan na abinci. Kowane tsibi na ba shi lamba da kati.

A cikin wannan rabon na ci karo da fallaye huɗu da suka hana ni cin tuwon rana. Na farkon ya fara da cewa: "Shekarad da Fara taz zaka daga gabas da rundunatta, tac ci Rimawa, tac ci Boyekai, tak kwana bakin gulbi." Na ci gaba da tuntuɓe cikin rubutun. Rundunar ta rufe rana har kaji suka shiga akurki. Mutanen Goronyo sun fita da ganguna da wuta ba su iya mata komai ba. An haƙa ramuka an tare ta, ta tsallake. Duk inda ta sauka ba ta barin zangarniya ɗaya tsaye.

Na ce a raina, ga wata jaruma da tarihi ya manta da ita, mace mai runduna, mai cin garuruwa, kuma ni ne Allah Ya nufa in tono ta. Rufe rana, ai ƙurar dawaki ce. Ramuka, ai ganuwa ce. Cinye gonaki kuwa dabarar yaƙi ce, a sa wa abokin gaba yunwa. Duk abin da takardar ta faɗa sai in samo masa gurbi cikin labarin da na riga na ƙulla. Na ɗauko sabon kati, na rubuta da mafi kyawun rubutuna: "Fara, Sarauniya. Yaƙe-yaƙenta a ƙasar Rima."

Ni ɗan manomi ne daga Rabah. Na san fara tun ina rarrafe. Amma wallahi a wannan makon ko sau ɗaya ƙwaron bai faɗo mini a rai ba, saboda ba ƙwaro nake nema ba, kwas nake nema. Goggo kuma tana nan zaune taku biyar daga inda nake, ban buɗe baki na tambaye ta ba, don kada a ce da taimakon tsohuwa na yi binciken.

Na rubuta wa Mai Lofe rahoto shafi uku. Amsa ta zo da sauri: zai zo da kansa ranar Alhamis, yana son ya ji da kunnensa. Hakimi ya ji labari ya ce shi ma zai halarta, da liman da malaman gari. Ni kuma, don kada abin kunyar ya rasa cikakken shaida, na aika Rabah na ce Baba ya zo ya ga ɗansa.

Ranar ta zo. Aka shimfiɗa tabarmi a zauren gidan, aka kawo wa Bature kujera. Baba ya iso bisa jaki tun da hantsi, sanye da rigarsa ta sallah, ya zauna can gefe yana kallona kamar bai taɓa ganina ba. Goggo Ige tana bayan asabari a ƙofar cikin gida, ana jin motsin tasbaharta. Na fara da nuna aikin akwati. Liman ya ambaci wani littafin fiƙihu, na ja kati, na ɗauko shi nan take. Zauren ya ɗauki "Masha Allah". Hakimi ya gyaɗa kai. Da na tsaya nan, da yau wani labarin nake ba ku.

Sai na gyara murya na yi jawabi a kan Sarauniya Fara. Na kwatanta yawan dakarunta. Na ce alamu sun nuna doguwa ce (har yau ban san inda na samo wannan ba). Na lura malaman suna duban juna, liman yana shafa gemu yana kallon rufin zaure, amma na ɗauka mamakin zurfin ilimina ne. Mai Lofe yana ta rubutu cikin ɗan littafinsa. Sannan na karanta fallayen huɗu da ƙarfi, ina jan murya kamar maroƙi. Da na kai ƙarshe, Bature ya cire lofe daga baki ya tambaya da Hausarsa ta hanci yaya ƙarshen sarauniyar ya kasance. Na ce abin takaici, tarihi ya yi shiru a nan.

Daga bayan asabari aka yi gyaran murya.

"Ɗana, bai yi shiru ba. Akwai falle na biyar. Duba ƙasan na huɗu, mi kag gani?"

Na duba. Kalma ɗaya ce, "sa'annan". Ta ce to, in nemo fallen da ya fara da ita, wanda ke maganar mata da mai da manda, wato gishirin nan baƙi.

Ku ji ikon Allah, maimakon gabana ya faɗi, murna na yi. Na tuna fallen sarai, na kuma ga damar sake nuna gwaninta. Na ce ranka ya daɗe, yanzu za a ga amfanin kati. Na ja akwati, na tafi harafin farko, Abinci. Ga shi kuwa da rubutuna: "Yadda ake soya wata aba, ƙila zabuwa." Akwatin nan bai taɓa yi mini aiki da sauri kamar ranar ba. Na zaro fallen na ɗaga shi sama don kowa ya gani, na fara karantawa da muryar nan tawa ta maroƙi:

"Sa'annan mata sunka hita da asuba, tun raɓa na bisanta ba ta iya tashi, sunka kamo ta, anka hige ta, anka soya ta da mai da manda, yara da manya sunka ci..."

A kan "yara da manya" muryata ta mutu. Zauren ya yi tsit, har ina jin jakin Baba yana tauna a waje. Mai Lofe, wanda Hausarsa ba ta kai ta gane inda aka kwana ba, ya ɗaga kai daga rubutunsa cikin damuwa ta gaskiya ya ce, "An soya sarauniya?"

Liman ne ya fara. Ya yi ƙoƙari, Allah Ya sani, ya cusa bakin rawani cikin baki, amma abin ya fi ƙarfinsa. Daga nan zaure ya rushe. Hakimi, mutumin da ba a taɓa ganin haƙoransa a bainar jama'a ba, ya sunkuya kafaɗunsa na rawa. Daga cikin gida na ji matan da ke laɓe sun kwashe. Da aka yi wa Bature bayani ya yi ja kamar gauta, ya dubi shafukan da ya cika, sannan shi ma ya bushe da dariya har lofen ya faɗi. Ni dai ina tsaye da falle a hannu, ina lissafin ko ƙasar zauren za ta yarda ta tsage.

Goggo ce ta cece ni. Ta bari dariyar ta lafa, sannan ta ce a daina, yaron bai yi ƙarya ba. Ta ce ita ta ga wannan shekarar da idonta tana budurwa, kuma babu sarkin da ya taɓa yi wa ƙasar nan abin da fara ta yi. Ƙannenta biyu yunwar da ta biyo baya ce ta tafi da su, shi ya sa mahaifinta ya rubuta, don na baya su san yadda aka yi aka tsira. Sannan ta ƙara da cewa akwatin ma ba laifi, tunda ya fiddo takardar da ita kanta sai ta wuni tana nema.

Da yamma na raka Baba bakin gari. Muka taka har muka wuce marina. Sai da ya hau jakinsa ya gyara riga, sannan ya dube ni ya ce, "Sarauniyag ga taka, ni na ci ta. Da yaji ta hi daɗi." Ya kaɗa jaki ya tafi.

Kwas ɗin dai wani aka tura, ba ni ba. Na kwana biyu ina tunanin ajiye aiki in koma noman albasa. A rana ta uku na wanke ido na koma gidan, na durƙusa gaban Goggo na ce ta koya mini. Ta ce in fara da mayar da fallayen da na wargaza, kowane wurin ɗan'uwansa. Wata biyar muka yi. Ita ta faɗi, ni in rubuta kati. Ta san wanda ya kwafi kowane littafi daga ganin hannunsa, ta san wanda aka aro ba a mayar ba, ta san wanda ruwan gulbi ya taɓa jiƙawa. Ajamina ya miƙe a hannunta. Katin nan kuwa na yage shi na rubuta sabo: "Fara, ƙwaro. Ɓarnarta a ƙasar Rima da yadda aka yi maganinta. Falle biyar." Bayan shekara biyu malamin gona ya zo yana neman ko akwai wani abu rubutacce a kan inda fara ta saba sauka a da, na ja kati na ba shi, ya zauna ya kwafe duka. A ranar na ji daɗin da ban ji ba ko lokacin "Masha Allah" ɗin zaure.

Daga baya na samu ƙarin karatun, na yi aiki a ɗakunan karatu har furfura, na koyar da matasa da dama wannan sana'a. Amma sunan da Wurno ta raɗa mini bai bar ni ba. Ko bayan na yi jikoki, in na shiga kasuwar Goronyo sai in ji wata tsohuwa daga bayan tirenta na soyayyar fara tana cewa, "Wazirin Fara, zo ka gai da uwar ɗakinka." Nakan je in gaishe ta, in sayi ta kwabo biyu.

Duk ɗalibin da ya zo hannuna, darasin farko ɗaya ne: kada ka rubuta wa takarda kati sai ka kai ƙarshenta, kuma in mai ita na zaune kusa, ka tambaya. Tambaya kunyarta ta mutum biyu ce. Rashinta kuwa sai an tara hakimi da liman da mahaifinka.